Daren da Inna Ta Ce a Kai Ta Gona

Shekarun baya, lokacin da tsadar rayuwa ta kore ni daga unguwar Rijiyar Zaki a Kano, na tattara iyalina na koma ƙauyenmu can bayan Ɗanbatta. Na ɗauka ko ba komai zan samu barci mai daɗi. Ashe birnin ya riga ni isa.

A shekarar ɓarayin shanu sun addabi yankin. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin dabbobi, da aka kore masa bijimai sai ya kafa dogon ƙarfe a ƙofar gidansa, ya ɗora fitilar sola mai hasken gaske. Ba a jima ba samari suka mayar da gindinta majalisa. Mai shayi ya zo, mai cajin waya ya zo, gidan kallon ƙwallo ya tayar da janareto. Hasken kuwa tsakar gidanmu yake faɗowa. Zakaranmu ma ya rikice, yana cara ba lokaci ba.

Mahaifiyata ce ta fi shan wuya. Tun muna yara, bayan isha'i takan shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa, tana nuna mana taurari: ga Zara, ga Kaza da 'Ya'yanta. Yanzu in ta ɗaga kai ba komai sai fari fat da ƙwari. Ga kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. An sa mata ranar aiki a asibiti, ita kuwa ta sa a ranta ba lallai ta sake gani ba.

Na je na roƙi Alhaji ko zai riƙa kashe fitilar na ɗan lokaci. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, ka ba Inna haƙuri. Ranar da na kashe ta, ranar za su dawo." Na juyo gida, don gaskiyarsa ce.

Da ranar aikin ta matso, wani dare ina shigowa daga masallaci ta ce, "Ɗauko babur ɗinka ka kai ni gonar babanku."

"Inna, yanzu? Da halin da ake ciki?"

"In tsoro kake ji, faɗa min in nemi wani."

Haka na goya ta. Ba mu kai gonar ba 'yan sintiri suka dallare mu da tocila, ga gora ga bindigar toka. Ni mai taƙama da zaman birni, sai na ja birki na ɗaga hannuwa sama. Ita ce ta ce, "Ku kau da wutar nan daga idona, taurari na zo gani." Can ɗaya ya gane ta, ya durƙusa ya gaishe ta. Suka raka mu har bakin gona, suka kashe tocilolinsu.

An riga an yi girbi, gonar fetal. Ta zauna a kan tarin kara, ta daɗe kanta a sama. Ta gabas ta samo Kaza da 'Ya'yanta. Ta kudu kuwa, wajen Kano, sama ta yi ja kamar ana ƙona daji.

Ta ce, "Sun ragu. Idona ne, ko kai ma haka ka gani?"

Na rasa wacce amsa ce za ta fi mata sauƙi. Na ce haka na gani.

"To," ta ce. "Mu koma, sanyi ya sauko."

An yi aikin lafiya, har zare take zura wa allura. Amma ba ta ƙara zama a tsakar gida da dare ba. Labule mai kauri ta sa aka ɗinka mata, tana idar da isha'i take shigewa ɗaki, har Allah Ya yi mata rasuwa.

Yau kusan kowane lungu na ƙauyen da fitilarsa, kuma ba zan ce a cire su ba. Sata ta ragu, yara na karatu a ƙarƙashinsu. Abin da ke gajiyar da ni shi ne an yi mana asara, kuma babu wanda zan kama da laifi. Kwanaki batirin fitilar Alhaji ya mutu, unguwarmu ta yi duhu. Na fito tsakar gida da niyyar in ɗaga kai, sai na tsinci hannuna a aljihu, ina lalubar waya in kunna tocila.