Gorin Kwanika Da Ya Raka Yaya Hajo Kabari

Bana shekara sittin ke nan da faruwar abin. Ina bakin sikeli a Gwarzo, an ɗora buhun gyaɗarmu, wani mai keke daga Garo ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri, Hajo ta cika wajen haihuwa." Yayata ce, ciki ɗaya.

Ciki na tara ne ya tafi da ita, goyonta ko tsayuwa bai fara ba. Al'ada ta ce mai jego ta koma gidan iyayenta, jikinta ya huta. Mijinta, Malam Sale, bai taɓa barin ta ta huta ba. Da an fara cirar gyaɗa zai aiko, wai babu mai dafa wa 'yan aiki. Ta koma, ciki ya shiga, matan unguwa su sa ta gaba da gorin kwanika, wato ciki a kan goyo. Ta sha jiƙo, ta ɗaura guru, duk don hana ciki. Shi kuwa ko harara ba wanda ya yi masa. Ita kaɗai ta yi cikin?

Kada a ce mini zamanin duhu ne. Azalo, wato namiji ya janye kafin ya zubar, yana cikin littattafan malamai tun ba a haife mu ba. Yana kuskurewa, amma ko shi ba a gwada ba.

Da Hajo za ta leƙo yau, za ta ga kwaroron roba a kowane kemis. In an sa shi daidai, yana tare ciki, yana tare cuta. Ɗaure jijiyar namiji a asibiti ya fi shi tabbas wajen hana ciki, sai dai ba ya tare cuta, kuma kwance shi da wuya. Na wanda ya gama haihuwa ne. Zaɓin kaɗan ne, amma akwai. Duk da haka allura da ƙwaya a jikin mace suke ƙarewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jikan Hajo, Nasiru, yana Madadi. An yi wa matarsa tiyata wajen haihuwa, likita ya ce ciki nan kusa zai iya halaka ta, allura kuma jini take sa ta zubarwa. Na kira shi ya zo, na faɗa masa duk wannan.

Ya yi dariya. "Tsoho, kai da ka gama naka? Roba ai ta 'yan bariki ce."

Na ce, "Kakanka Sale ma yana da hujja. Ni na haƙa kabarin kakarka."

Ya sunkuyar da kai. "Zan duba."

Ko hoton Hajo ba mu da shi. Sunanta ne ya rage, a kan jaririyar da matar Nasiru ke goyo. Gyaɗa ta isa cira, har yau bai dawo mini da amsa ba.