Sai da Safen Mma Nasiba

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi ta tashar Sofoline ya san Mma Nasiba, in bai san sunanta ba ya san kokonta. Ita ce dattijuwar nan mai faffaɗan mayafi ruwan toka, wadda ke zuba koko tana yi wa direbobi faɗa wai sun cika shan sukari. Kakanninta fataken goro ne da suka yada zango a Kumasi ba su ƙara komawa gida ba. A unguwar Zongo aka yanke mata cibiya, a nan ta yi aure, a nan aka binne mijinta Mamudu mai gyaran birki a Suame, aka kuma binne 'yarta tilo. Abin da ya rage mata a duniya shi ne jikarta Ruwaida, 'yar firamare mai surutu kamar an kunna rediyo. Uban yarinyar, Khalidu, direban babbar mota ne da ke zaune a Kwadaso, ya bar ta a hannun kakarta tun tana tsumman goyo.

Akwai wata 'yar al'ada a ɗakin nan da ba a taɓa tsallake ta ba. In an idar da sallar isha'i, Mma Nasiba za ta kakkaɓe shimfiɗa, ta lulluɓe yarinyar da zane, ta ce, “Sai da safe.” Ruwaida kuma ta amsa daga ƙarƙashin zanen, “Allah ya tashe mu lafiya.” Haka suka yi ta yi da Mamudu tsawon zamansu, ko da kuwa sun wuni ba sa magana. Ran da zai rasu ma ta faɗa masa, ya amsa, ya juya ya fuskanci bango, Allah bai tashe shi ba. Kowa a gidan ya san wannan labari, don Mma Nasiba ba ta gajiya da ba da shi.

Fataw ne ya kawo mata maganar fim. Ɗan maƙwabta ne, aikinsa riƙe fitila ga wasu masu shirya wasan talabijin da Tonanci, yaren Ashantawa. Ya durƙusa gaban robar kokonta yana sosa ƙeya.

“Mma, daraktanmu yana neman tsohuwa mai Hausa mai kyau. Ba irin tamu ta yaran yanzu ba, Hausa ta asali paa, ta gaske.”

Wannan yabo shi ya kama ta. Mma Nasiba ta daɗe tana ƙorafin yaran Zongo sun mayar da mace namiji a bakinsu, su ce “Ruwaida ya zo” ko a jikinsu. Yau ga shi za a sa Hausarta a talabijin, duk Kumasi ta ji. Ta tambayi ko za a sa ta rawa ko cire mayafi, Fataw ya rantse babu ko ɗaya. Ta bar wa wata maƙwabciya robar, ta bi shi.

A wani gida da ba a gama gininsa ba suka yi aikin. An rataye koren yadi a bango, an ajiye gado. Daraktan mutum ne mai fara'a, da ya ga mayafinta sai ya tafa hannu ya ce kada a sauya mata komai, haka ma ya yi daidai. Aka kwantar da wata 'yar yarinya a gadon, aka ce Mma Nasiba ta sa ta barci yadda take yi a gida. Wannan kuwa ba sai an koya mata ba. Ta lulluɓe yarinyar, ta shafa kanta, ta sunkuya ta ce, “Sai da safe.” Yarinyar ba ta jin Hausa, ta yi shiru. Shirun ya tsaya wa Mma Nasiba a rai, ta tuna Mamudu, idonta ya kawo ruwa, sai ta amsa wa kanta, “Allah ya tashe mu lafiya.” Aka sa ta maimaita da yara daban daban har la'asar, ta dawo gida da murna.

Ran da za a fara nuna wasan, ta sa aka fito da talabijin tsakar gida, ta soya ƙosai ta raba wa kowa. Labarin wata masarauta ne a bakin tafki, da wata tsohuwar aljana da ke fitowa daga ƙarƙashin ruwa tana ɗauke yara. Mutanen kirki a wasan Tonanci suke yi, sarki da fadawansa suna haɗawa da Turanci. Aljanu ne kaɗai ke Hausa. Can sai ga Mma Nasiba ta ɓullo daga cikin hayaƙi da mayafinta ruwan toka, an mayar da idanunta kore, an kaurara muryarta. Ta sunkuya ta ce, “Sai da safe,” nan take yarinyar da ke gadon ta zama dutse. Amsar kuwa an yanke ta, babu ko alamarta.

Wani rubutu ya gifta a ƙasan hoton. Mma Nasiba ba ta karanta boko, sai ta taɓa jikarta.

“Me suka rubuta?”

Ruwaida ta ce a hankali, “Wai ba za ki ga safiya ba.”

Wani ya yi 'yar dariya don a huce, ba wanda ya taya shi. Fataw ya sulale ya bar ƙosansa a faranti.

Washegari Mma Nasiba ta tare shi a bakin famfo, ya rantse da Allah shi fitila kawai yake riƙewa, bai san abin da za a rubuta ba. Ya kai ta wurin darakta. Mutumin ya saurare ta da ladabi, ya ce ai wasa ne, ba wanda zai ɗauka da gaske, kuma amsar nan ta yi tsawo, tana rage tsoro. Ta ce a mayar da ita, domin a cikinta sunan Allah yake. Ya ce an riga an haɗa dukan sassan an miƙa wa gidan talabijin.

Wasan kuwa ya karɓu, abin ba a cewa komai. Kafin wata ya ƙare, kalmar ta cika gari. Yaran makanikai a Suame in suka yi faɗa sai ɗaya ya nuna ɗaya da sifana ya ce sai da safe. Masu gardamar ƙwallo na faɗa wa juna in an kusa cin ƙungiyar wani. A Sofoline cinikin koko ma ƙaruwa ya yi, don mutane na zuwa ɗaukar hoto da aljana. Wasu matan kuma sukan janye 'ya'yansu in ta miƙa musu kofi. Duk wannan ta shanye shi, ta ce bakin mutane ne, zai gaji.

Abin da ta kasa shanyewa a ɗakinta yake. A makaranta an laƙaba wa Ruwaida jikar aljana, yara na rufe ido su sandare in ta wuce. Yarinyar ta daina surutu. Ta san Hausa sarai, ta san ma'anar kalmar tun kafin ta iya tafiya, amma abin da yaro ya gani da idonsa a talabijin yana da nauyi. Da farko amsarta ta koma ƙasa ƙasa, daga baya ta riƙa yin kamar barci ya ɗauke ta. Wata ranar Asabar suna tsince gero, ta ɗago kai.

“Kaka, ran da Baba Tsoho ya rasu, me kika ce masa?”

Labarin da Mma Nasiba ta yi shekaru tana bayarwa da bakinta ne, ba damar ta sauya shi yau.

“Abin da nake ce miki kullum. Ai addu'a ce, uwata. Shi ma ya amsa.”

“Amma bai tashi ba.”

Ta yi bayani iya bayani, ta kawo ajali, ta kawo ƙaddara. Yarinyar ta gyaɗa kai, sannan ta ce, “Kaka, don Allah ki daina ce min. Ki ce gudnait kawai.” Wannan magana ta yi wa tsohuwar ciwo fiye da duk abin da aka yi mata a tasha. Ta gwada gudnait ɗin, ya ƙi zama a bakinta, ta koma lulluɓe yarinyar shiru.

Da labarin tsokanar ya kai kunnen Khalidu, ya zo ya durƙusa ya ce zai mayar da Ruwaida wata makaranta a Kwadaso, inda ba a san ko jikar wace ce ba. Mma Nasiba ba ta yi musu ba. Ta wanke kayan yarinyar, ta yi mata kitso, ta raka su Sofoline da yamma, rana na shirin faɗuwa.

Ruwaida ta zauna a bakin tagar motar haya, ba ta kallon idon kakarta, bakinta take kallo. Tsohuwar ta gane, sai ta kama gefen mayafi ta toshe bakin, ta ɗaga ɗaya hannun. Motar ta fara motsi ke nan kwandastan ya shaida ta. Ya doki jikin motar, ya kaurara murya ya ƙwala, “Sai da safe!” Fasinjoji suka fashe da dariya.

Mma Nasiba ba ta san lokacin da mayafin ya zame ba. Bakinta ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama.

“Allah ya tashe mu lafiya,” ta ce da ƙarfi, yadda za a ji a cikin motar.

Ruwaida ba ta ji ba, ta riga ta cusa yatsu a kunnuwanta.