Kujerar Baba a Ƙarƙashin Dal

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sanusi magini, wanda mutanen Zongon Cotonou suka fi sani da Mai Kujera. Har yau ba na shiga bene ban ɗaga kai na dubi rufinsa ba. Ko a masallaci, kusa da ƙofa nake neman wuri. A shagon atamfa da nake aiki a Sainte-Rita, idan masu ɗinki na sama suka ja tebur, sai hannuna ya saki abin da na riƙe. Uwar ɗakina ta daina yi min dariya, yanzu kallona kawai take yi.

Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna a lise, wato sakandare, ya tsaya, a shekarar da Baba ya rasu. Na rubuta wannan ne don in tuna da shi, kuma don ina jin tsoro, ban san wanda zan gaya wa ba.

Wanda bai san aikin gini ba zai tambaya wace kujera ce. In za a yi bene, sai a kafa katako, a tokare shi da sandunan itace masu yawa daga ƙasa, a zuba siminti da ƙarfe a kai. Wannan shi muke kira dal. Sai a bar shi ya bushe ya yi ƙarfi, sannan a cire sandunan. Ranar cire sanduna ce ranar da ake sanin gaskiyar aiki. Baba yana da wata kujerar katako mai gajerun ƙafafu. A ranar sai ya kai ta tsakiyar ɗakin, ya zauna, ya ɗora butar shayinsa a ƙasa, ya ce wa ma'aikata su fara bugu. Ana cire sanduna ɗaya bayan ɗaya, ƙura na zubo masa a hula, shi kuma yana kurɓar shayi yana hira da mai gini da ke tsaye a waje.

Da wannan kujerar ya ci kasuwa. 'Yan kasuwar Zongo da ke son shaguna ko sito ko gidan haya ba sa tambayarsa takarda. Sai su ce, "Malam, za ka zauna?" Ya ce, "Zan zauna." Magana ta ƙare. Bai taɓa neman kwangilar gwamnati ba, domin can sai ka kawo abin da suke kira kosiyon, wato banki ya tsaya maka cewa za ka gama aikin. Baba yakan yi dariya ya ce yaya bankin da bai san sunan kakansa ba zai rantse a kansa. Inshora kuwa, da mu a nan muke ce wa asirans, yana ganin kayan masu manyan kamfani ne. Wani ma'aikacinsu ya taɓa biyo shi har gida da jaka a hannu. Baba ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya dafa wuyansa ya ce, "Yaro, ga asirans ɗina nan. In aikin ya faɗi, ni zai fara samu."

Lokacin ina jin daɗin wannan magana. Ina maimaita wa ƙawayena a makaranta.

Ginin da ya kashe shi a Avotrou yake, kusa da ruwa, shaguna a ƙasa da ɗakunan ajiya a sama. Damina ce, ruwa ya yi ta sauka bayan an zuba dal. Mai ginin yana sauri, don ya riga ya yi wa 'yan haya alkawari, kuma kafinta yana son katakonsa ya kai wani aikin. Inna ta aike ni da abincin rana. Na sauka daga zem, babur ɗin haya, na hango Baba a kan kujerarsa, an cire sanduna kusan rabi. Na nufo shi da kwanon, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya can, Hajo. Ajiye a bakin titi, zan zo."

Na ajiye. Ban ji wata babbar ƙara da farko ba. Abin da na fara ji kamar ana taka busasshen kara ne, a hankali. Na ga Baba ya ɗaga kai. Bai tashi ba. Ban sani ba ko lokacin ne bai samu ba, ko kuwa kunyar tashi a gaban mutane ce ta riƙe shi na ɗan wannan lokacin. Wannan tambayar ce ba ta bar ni ba har yau. Daga nan sai ƙura, ban ƙara ganin komai ba.

An ciro shi bayan la'asar. An ciro Kosi ma, lebura ɗan Godomey da ke buga sanduna kusa da shi. Kosi ya rayu, amma ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba.

A zaman makoki kowa yabon Baba yake yi. Sun ce ya cika alkawarinsa, ya ce shi zai fara samu kuma shi ya samu. Babu wanda ya tambayi me ya sa dal ɗin ya faɗi. Wasu sun ce yashin bakin ruwa ne mai gishiri, wasu sun ce simintin ya kwana cikin danshi, wasu sun ce an yi saurin cire sanduna. Ba wanda ya zo ya auna, don ba wanda aikinsa ne ya auna. Mai ginin ya yi mana ta'aziyya da hawaye, na kuma yarda hawayen gaske ne, shi ma dukiyarsa ta zama tarin dutse. Matar Kosi ta zo ƙofar gidanmu da goyo, ba ta yi faɗa ba, ta zauna kawai. Inna ta sayar da injin kwaɓa siminti ta ba ta abin da ya samu. Kuɗin ya ƙare a asibiti tun kafin a sallami Kosi. Yanzu Kosi yana sayar da kati na waya a kan keken guragu kusa da mahaɗar Godomey. In na bi ta wurin yakan gaishe ni da fara'a, ya tambayi Inna. Na fi son ya zage ni.

Alkawarin Baba wuyansa kaɗai ya rufe. Bai rufe ƙafafun Kosi ba, bai rufe karatuna ba. Na daɗe ban iya faɗin wannan ko a zuciyata ba, don ina ganin kamar cin amanar mamaci ne.

Da a nan labarin ya tsaya, da na yi shiru na ci gaba da yi masa addu'a. Amma yayana Bashir ya gaji sana'ar. Shekarun farko yana aiki a ƙarƙashin wasu, bara ya fara karɓar nasa. Yaya yana da hannu, kowa ya shaida. Sai dai duk wanda ya zo masa da aiki, tambayar nan ce a bakinsa: "Za ka zauna kamar Malam?" Wani kafinta ma ya ƙera masa kujera kyauta, mai gajerun ƙafafu, irin waccan sak.

Na matsa masa har ya yarda muka je wani ofishin asirans, ni ce mai fassara don faransancinsa na shantiye ne, wato na wurin gini. Mutumin ya yi mana bayani a natse. Ya ce akwai wadda ke biyan ɓarnar da ta faru ana cikin aiki, akwai ta ma'aikata da maƙwabta in wani ya ji rauni, akwai kuma wadda ke bin ginin shekaru bayan an gama. Sannan ya ce ga irin benen da Yaya yake yi, ba za su sa hannu ba sai injiniyan bincike ya ga ƙasa, ya ga ƙarfe, ya gwada simintin, kuma shi zai ce ga ranar da za a cire sanduna.

A nan na gane abin da ban gane ba ina yarinya. Na ɗauka asirans kuɗi ne da ake ba ka bayan ka mutu. Ashe kafin kuɗin akwai mutum, wanda ba ya cin abincin mai gini, ba ya jin kunyar kowa a unguwa, wanda zai iya cewa a'a, ba yau ba. A Avotrou babu wanda yake da bakin faɗin haka. Na san malamai sun saɓa a kan asirans, ni ba zan shiga nan ba, ban kai ba. Mutumin nan mai cewa a'a, shi nake nema.

Yaya ya kai wa mai ginin maganar, wani dattijo mai sayar da tayoyi, abokin Baba ne ma. Ina wurin. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce:

"Bashiru, ubanka ya gina min sito biyu, ban taɓa ganin takarda a hannunsa ba. Yanzu kai za ka kawo min wani mai farar hular kwano ya riƙa duba min siminti kamar likita? In tsoro kake ji, faɗa min, masu nema suna da yawa."

"Ba tsoro ba ne, Baba Alhaji."

"To ƙanwarka ce ke ji maka?" Ya juyo gare ni yana murmushi. "Hajo, ki bar maza su yi aikinsu. Kwana in ya ƙare, ko a kan katifa ne."

Gaskiya ya faɗa game da kwana. Amma na lura shi bai taɓa shiga ƙarƙashin dal ranar cire sanduna ba, ko sau ɗaya.

Me Baba zai ce da yana nan? Nakan tambayi kaina. Cotonou ta canja, benaye sun ƙara tsawo, ana gini a wuraren da da ruwa ne. Wani lokaci ina ganin zai tsaya a kan bakansa, ya yi wa mai farar hular kwano dariya kamar yadda ya yi wa mai jaka. Wani lokaci kuma ina ganin da ya ga ɗansa a kan kujerar, shi da kansa zai karya ta. Mutum yakan yarda wa kansa abin da ba zai yarda wa ɗansa ba.

Watannin baya aka sa ranar cire sandunan ginin mai tayoyi. Matar kafintan da ya ƙera masa kujera ce ta gaya min. Na bar shago na hau zem. Na tarar Yaya ya zauna, har da shayinsa, an fara bugu. Shekara shida ban shiga ginin da ba a gama ba. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na wuce mutanen da ke tsaye, na shiga tsakanin sanduna, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Ina jin warin ɗanyen siminti.

Yaya ya miƙe tsaye, ya daka wa masu bugu tsawa su tsaya.

"Ke, me kike yi a nan? Tashi ki fita."

"In ya isa ya riƙe a kanka, Yaya, ya isa ya riƙe a kaina."

"Hajo, ba na wasa da ke. Ba a san abin da zai faru ba."

Ya faɗa ne a gaban kowa, har da mai ginin. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya kama hannuna ya ja ni har bakin titi, daidai irin wurin da na ajiye kwano a Avotrou. A nan na tuna. Duk shekarun da nake kai wa Baba abinci, bai taɓa barina na matso kusa da kujerar ba. Kullum bakin titi. Mutanen Zongo suna ganin mutumin da ya tabbata da aikinsa. Ashe shi ma bai sani ba. Zama kawai yake yi yana jira, kamar kowa, sai dai shi a ƙarƙashi.

Ranar an fasa. Bayan sati biyu suka cire sandunan da safe, ba tare da na ji ba. Yaya ya zauna, dal ya riƙe. Mutane suna tare ni a hanya suna ce min barka, ɗan Mai Kujera ya fito. Yanzu ya sami sabon aiki a Godomey, ya fi wancan tsawo, kuma ba a yi maganar asirans ba. Ba ya min magana sosai. Inna tana tsakaninmu, sai dai ta ƙara tsawon sallarta.

Ku da kuke ba da aikin gini, a Zongo ko a wani wuri, ina roƙonku abu ɗaya. Kada ku ƙara tambayar magini ko zai zauna. Zamansa ba ya ƙara wa siminti ƙarfi. Ku tambaye shi wa ya duba aikin, kuma wa zai ɗauki nauyin leburan da ke buga sanduna in abu ya faru. In ya ce zai ƙara tsada, zai ƙara. Ku je mahaɗar Godomey ku sayi kati a wurin Kosi, ku dubi yadda arha take.

Gine-ginen Baba da yawa suna nan tsaye, ana ciniki a cikinsu, yara suna wasa a matakalarsu. Bai taɓa rage ƙarfe ya sa a aljihu ba, bai taɓa guduwa ya bar aiki ba, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Wannan nake so ya rage daga gare shi, shi nake so Yaya ya gada. Amma abin da unguwa ta zaɓa ta riƙe kujerar ce. Allah ya jiƙan Malam Sanusi, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya fi masa duk ɗakin da ya gina faɗi.

Dal ɗin Godomey an zuba shi, yana bushewa. Yaya ya hana kowa gaya min ranar, amma matar kafinta ba ta jin maganarsa. Na riga na shaida wa uwar ɗakina akwai ranar da ba za ta gan ni a shago ba. Ta tambaye ni ko ba na tsoro. Na ce ina ji, ko abinci ba na iya ci. Amma Yaya ba zai bari a buga sanda ko ɗaya ina ciki ba, kuma wannan kaɗai ce asirans ɗin da gidanmu yake da ita.