Faifai Uku Daga Kalgo

A ƙarshen shekarun casa'in na sayi kwamfuta ta hannu, na ajiye ta a ɗakina a Gwandu, inda nake koyarwa. Duk ranar Juma'a baffana yakan zo daga rugarsu kusa da Masama, ya zauna kan tabarma yana faɗa mini tsofaffin burtaloli da mashayu da itatuwan da ake yi wa shanu magani da su, ni kuma ina bugawa kai tsaye. Ko layi ɗaya ban rubuta a takarda ba. Damina biyu muka yi a haka, sannan Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in kwamfutar ta fara nauyi, haruffa suna rikiɗewa. Na hau babur zuwa Kalgo wurin yayana, mai shagon buga takardu. Ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, ya miƙo mini faifai uku na maganinsa.

"Wanne ya fi, Yaya?"

"Duk ɗaya ne. Sa wanda hannunka ya kai."

Ban yarda ba, na ce sai na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Da na dawo gida, na farko ya duba ya ce lafiya lau, alhali ina kallon rubutuna ya zama shirme. Na biyu ya gano cutar, har ya kira sunanta, amma ya ce ba zai iya fitar da ita ba. Na uku ya gano ta, ya tambaya ko ya kawar. Na danna e. Da na je buɗe maganar Baffa, babu ita. Ya share cutar, ya haɗa da rubutun.

Na koma Kalgo a ranar, ko sallama ban yi ba.

"Ai haka yake yi," in ji Yaya, idonsa na kan aikinsa. "In ya kasa wankewa sai ya share duka. Ba ka yi kwafi ba?"

"Ka sani, ka ce mini duk ɗaya ne?"

Sai ya ce in rage murya, akwai mutane. A nan kuma ya faɗa, kamar ba komai ba, cewa duk injinan shagonsa suna da cutar tun bara. Ke nan faifan haruffa masu lanƙwasa, irin su ɓ da ɗ, da ya taɓa ba ni kyauta shi ya kai ta gidana. Na zube masa faifan nasa uku a tebur na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a gaya wa babba.

Hutun makaranta na bi rugage da littafi da biro, har Dangoma. Tsofaffin suka ba ni abin da suka tuna, suna musu da juna a kan kowace mashaya. Ko sulusi ban samu ba.

Ni da Yaya mun shirya da Babbar Sallah, saboda Inna ta sa baki. Har yau bai ce in yi haƙuri ba, ni kuma in na tuna cewa da hannuna na danna e, haushin sai ya dawo sabo.