Ranar da Kwamfutar Gidan Hoto ta Kulle

A gidan hoton, Anti Waya kowa yake ce mata, don kullum za ka same ta durƙushe bayan tebur tana warware wayoyi. Da can malamar lissafi ce. Bayan rasuwar mijinta ta bar aji, ta dawo shagon yayanta, ta karɓi kwamfutocin ciki kamar 'ya'yan riƙo. Ita ta raba intanet ɗin baƙi da na aiki, ita ta hana liƙa kalmar sirri a jikin allo. Yayan kan ce ta fi maigadi tsanani: "Shi mutane yake tarewa, ke har iska sai kin caje ta."

Wata safiya yayan ya buɗe wani saƙo da ya zo kamar daga masu sayar musu da tawada. Kafin shayinsa ya huce, duk hotunan babbar kwamfuta sun ƙi buɗuwa, sai jan rubutun barazana cike da allo.

"Ƙanwata, zo," ya ce. "Na kashe mu."

Ba ta tsaya karantawa ba. Ta fizge wayar intanet, ta kashe sauran kwamfutocin. Cikin abin da ya kulle har da aikin wata tsohuwa da ruwa ya ci ɗakinta. Hotunan 'yarta marigayiya ta kawo a jiƙe, aka ɗauki kwafinsu kafin takardun su lalace. Babu wasu a duniya.

Anti Waya takan kwafe komai a faifan ajiya duk mako, ta kai gida. Sai dai ta kasa tuna ko kwafin ƙarshe ya haɗa da na tsohuwar. Ta tari tasi zuwa gida, hanyar da ta saba ta ƙi ƙarewa.

Ko takalmi ba ta cire ba ta jona faifan a ƙaramar kwamfutarta. Ga yarinyar nan, tana dariya a gindin bishiya. Ta zauna daɓas a bakin gado, ta kira shago.

"Yaya, suna nan. Duka."

Sai ta ji yana jan hanci. "Mura ce," in ji shi.

Suka wanke babbar kwamfuta tas, suka mayar da komai. Da tsohuwar ta zo karɓa, ba wanda ya gaya mata abin da ya faru. Ta daɗe tana shafa hoton da yatsa, sannan ta ɗago.

"Allah ya yi muku albarka da ba ku goge tabon goshinta ba. Haka take."