Kogin Kawu a Rumfar Mai Shayi

Jiya ruwan sama ya tsare ni a Tina Junction, na fake a rumfar mai shayi. Ina ɗaga kai sai ga zanen kogin da Kawu ya yi an jingine shi yana tare wa murhu iska, hayaƙi ya baƙanta gefensa.

A gabana marigayin ya yi zanen nan a jikin falanki a bakin kogin Dilimi, wata damina da ruwa ya yi jawur, yana ruri yana jan rassan itace. Warin fenti ya gauraye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da yayyafi ya fara ɗiga a kan ɗanyen fentin na miƙa lema, sai ya ture hannuna.

"Bar shi, ɗana. Ruwan nan hotonsa ake yi, bari shi ma ya sa hannu."

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya rantse mini zanen ba zai bar falonsa ba, shi ya sa na haƙura na bar masa. Mai shayin ya ce a bola ya tsinto shi.

Na shafa falankin, tabon ɗigon yana nan. Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ɗanka kuwa, ban yafe masa ba tukuna.