Littafin Malam Buraima a Hannun 'Yan Ajin Alhamis

Ni na buga littafin Malam Buraima da keken rubutun ofishinmu da ke unguwar Ulaya a Riyad, shafi ɗari da goma sha bakwai, a hutun azahar, saboda haka ina da bakin faɗin abin da na gani: littafin ba shi da daɗi. Tun a shafi na tara na gaya masa. Ya ce ni akawu ne, aikina bugawa, ba a nemi ra'ayina ba.

Direba ne. Shekara goma sha ɗaya yana jan wata tsohuwar motar kaya daga Birnin Masana'antu na Biyu zuwa sito-sito na Al-Sulay, kullum hanya ɗaya, kullum katan-katan na sabulun wanki. Dogo ne siriri, ga tabarau wanda na tabbata lafiyar idonsa ƙalau yake sa shi. Kafin ya zo Riyad ya taɓa koyarwa a firamare na wata shida, kuma wannan wata shidan ne ya ba shi sunan Malam. Bai yarda kowa ya manta ba. In Balarabe ya ƙwala masa kira da sawwaƙ, wato direba, sai ya zama kurma nan take.

A shekarar 1996 muka farga cewa 'ya'yanmu sun koma Larabawa a gaban idonmu. 'Yata Yusra ta gaishe da kakarta ta waya, tsohuwar ta ce a ba ni, ta tambaye ni ko musanya mana jika aka yi a asibiti. Sai mu da wasu ma'aikatan ofishin jakadanci muka shirya ajin Hausa a falona, kowace Alhamis da safe, tunda ba makaranta. Yara tara. Malam Buraima ya ce shi zai koyar. Da aka ce ba mu da littattafan karatu, ya gyara tabarau ya ce ai shi yana da littafi.

Labarin wata shari'a ce da ta yi suna a yankinsu, har yau in uwa tana son ɗanta ya shigo gida sai ta ce Biba na nan tafe. Biba mai tuwo ce, tana sayar wa leburorin haƙar kuza, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ran wata kasuwa ta ɗauke yaro ɗan shekara biyu ta gudu da shi. Bayan shekara huɗu wani falke ya gane yaron, magana ta kai gaban alƙali Bature, kotu ta cika har tagogi. Aka kira uwar yaron, Delu. Alƙali ya ce ta dubi yaron nan, in nata ne ta faɗi sunansa. To ɗan fari ne, ga kuma yayyen marigayi mijinta zaune a layin gaba. Delu ta sunkuyar da kai. Sau uku ana tambayarta, ba ta ɗago ba. Ita kuwa Biba ta zube ƙasa tana kururuwa tana kiran ɗana, ɗana. Bature ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya miƙa wa Biba yaro. Sai da aka ƙara shekara uku, tana ciwon ajali, ta faɗi gaskiya aka mai da shi gida.

Yaron nan shi ne Buraima. A duk Riyad ni kaɗai na sani, don a littafin ya sa masa suna Dawuda. Kuma abu ɗaya yake nema da littafin nan: wani wanda ba ɗan garinsu ba ya karanta, ya rufe, ya ce Delu ba ta da laifi. Ina jin shi kansa bai gama gamsuwa ba, shi ya sa yake neman shaidu. Shafi arba'in cif ya ɓata yana yabon kunya. Abin da bai tuna ba kuwa ya ƙago. Ya ba Bature kare da lofe, ya sa aka yi tsawa daidai lokacin hukunci, alhali ya taɓa gaya mini da rani aka yi shari'ar.

Yaran suka fara karatu, suna tuntuɓe a kowane layi. Mako na biyu Zaid, ɗan wani jami'in biza, ya ɗaga hannu.

"Malam, ina wurin da 'yan sanda suke bin ta da mota?"

"Babu mota a lokacin."

"To da me? Wallahi shafi talatin muna cikin kasuwa, an faɗi kuɗin albasa, an faɗi kuɗin gishiri, har yanzu ba a saci kowa ba."

Malam ya ce haƙuri shi ne rabin karatu. Amir, ƙaramin cikinsu, ya tambaya ko karen Bature zai ciji wani nan gaba. Da aka ce a'a, ya kwanta a kafet bai sake tashi ba.

Ɓarnar ta fara ne da aka iso gidan Biba. Nan ajin ya farka. Shafa'atu, wadda ba ta taɓa karanta layi biyu ba tare da hamma ba, ta karɓe takardun ta karanta shafi shida a tsaye. Dalili kuwa a fili yake, ni ma na lura tun ina bugawa. Duk inda Biba ta shigo, rubutun Malam sai ya miƙe. Ga ƙamshin daddawa a zanenta, ga dariyarta mai kama da tari, ga yadda take ɓoye wa yaron tsokar nama a ƙarƙashin tuwo don kada leburori su gani. Ita ya sani, ita ta goya shi. Delu kuwa duk inda ta fito sai ka ce hudubar Juma'a ce ta ɗaura zane.

"Ni dai Biba nake so," in ji Shafa'atu.

"Ɓarauniya ce fa!"

"Na'am, Malam, amma ita kaɗai ce take dariya a littafin."

Ya haɗiye wannan da ƙyar, ya ce su jira babin kotu, a nan za su gane wace ce mutum.

Ranar babin kotu ya zo da sabuwar jallabiya, ya karanta da kansa, har da sauya murya in Bature zai yi magana. Da ya kai inda Delu ta sunkuyar da kai karo na uku sai ya dakata, ya dube su yana jiran hawaye.

Yusra ta ce, "Ya'ani, Malam, bebiya ce?"

"Wace irin bebiya? Kunya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna tana sonsa, balle a gaban surukai."

"Ko da za a tafi da shi?"

"Ita kunya ba ta da ranar hutu."

Zaid ya ce shi bai gane ba. Duk unguwarsu Ummu Zaid ake kiran mamarsa, mai kanti ma haka yake ce mata, kuma ba ta mutu ba. Malam ya ce wannan al'adar Larabawa ce. Don ya nuna musu yadda mutumin kirki yake yi, sai ya ba su labarin ranar da ya kama aiki. Kafil ɗinsa, wato ubangidansa Balarabe, ya tambaye shi sunan babban ɗansa don a riƙa kiransa Abu wane, shi kuwa ya kasa furtawa, ya ba da sunan na biyun. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk kamfani suna kiransa da sunan ƙanin. Ya faɗi haka yana alfahari. Yaran suka yi ta dariya har Amir ya farka.

Yusra ba ta yi dariya ba. Ta juyo inda nake raɓe a bakin ƙofa ta ce, "Baba, shi ya sa kake ce mini ke yarinyar nan? Na zaci mantawa kake yi." Na ce shayi na kan wuta, na bar wurin, amma ban yi nisa ba.

Su da kansu suka ce a kaɗa ƙuri'a. Takwas suka ce laifin Delu ya fi na Biba, don ita Biba sau ɗaya ta sace shi, ita kuwa Delu an miƙo mata shi ta ƙi karɓa. Mutum ɗaya ne ya goyi bayan Delu, Amir, shi ma daga baya aka gane ya ɗauka ƙuri'ar tashi daga aji ce. Malam Buraima ya tattara takardunsa. Ya kira su 'ya'yan firji, waɗanda aka raina da madarar gwangwani, ya fita bai yi mini sallama ba. Na yi dariya a lokacin, ban ɓoye ba. Amma da na hango shi ta taga yana tsaye jikin motarsa ya kasa buɗe ƙofa, sai tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Alhamis ta zagayo bai zo ba. Ran Juma'a bayan masallaci na same shi a ɗakinsu na Al-Sulay, na miƙa masa wata takarda da Yusra ta ba ni. Hausar duk a karkace, amma ana ganewa. Ta ce in labarin gaskiya ne, shin an taɓa tambayar ita Delu abin da ta ji?

Ya daɗe yana kallon takardar. Delu tana nan da ranta a ƙauye, tana kiwon awakinta. Mutumin nan ya rubuta shafi ɗari da goma sha bakwai a kan abin da ke cikin zuciyarta, bai taɓa tambayarta ba ko sau ɗaya.

"Ana yi wa uwa irin wannan tambayar?" in ji shi.

Na ce, "Kai ba ka iya ba. Su 'ya'yan firji ai sun iya."

Nan take fuskarsa ta washe, amma ba don abin da nake nufi ba. Shi lissafinsa, tsohuwa za ta wanke yaran nan tas, ta koya musu abin da ake kira tarbiyya. Ya dawo aji ya ce musu ya san inda Delu take. Aka kawo rakoda, kowa ya faɗi ra'ayinsa a kaset, ba wanda ya rage komai. Yusra ma cewa ta yi, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ni a ganina wauta kika yi." Aka ba wani mai tafiya hutu gida ya kai.

Bayan mako bakwai amsa ta iso. Na roƙe shi ya fara saurara shi kaɗai. Ya ƙi. Ya ce a gabansu za a kunna, yana son ya ga fuskokinsu.

Kaset ya fara da carar zakara da muryar wani yana cewa ta matso kusa. Tsohuwa ta gaishe da yaran, ta gaishe da iyayensu, ta tambayi zafin ƙasar, ta yi addu'a har Zaid ya fara zamewa daga kujera. Sannan ta yi gyaran murya.

"Yarinyar da ta ce na yi wauta, Allah ya yi mata albarka. Wauta na yi, 'yar nan. Shekara arba'in da uku ana yabona, ana cewa Delu mai kunya, har amare ake kawo mini in yi musu faɗa. Ba wanda ya taɓa tambayata sai ku. Tun daga bakin ƙofar kotun na gane shi, da kunnuwan ubansa. Sunan yana kan harshena. Na ga yayyen ubansa, na haɗiye. Da za a fita da shi ya waiwayo ya dube ni. Shekara ukun nan da aka ƙara, ba Bature ya ɗauke mini su ba, ni na bayar. An ce malaminku ya yi littafi yana wanke ni. Ku gaya masa ya bari. Shi ne aka tafi da shi, shi ya san abin da na yi masa. In zai iya, ya yafe mini, ya fi mini littafi."

Sai kukan akuya, sai kaset ya yi shiru.

Shafa'atu ta rufe baki da hannu. Yusra ta ce a hankali, "Malam, kai ne Dawuda?" Malam ya cire tabarau yana goge su da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa.

Zaid, wanda Allah bai halicce shi da birki ba, ya ce, "Amma fa har yanzu ba ta faɗi sunan ba."

"Ba za ta faɗa ba," in ji Malam, yana dariya hawaye na zuba. "Tsohuwar nan taurin kai gare ta."

Ya juya kaset ɗin ɗaya gefen, ya ce yau an tashi da wuri. Na kora yaran tsakar gida, na ja ƙofa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya a bayanta. Na ji ya danna rakoda.

"Inna, Buraima ne. Na ji saƙo. Ai ni tun tuni na yafe."

Kaset ya yi ta juyawa.

"A'a, Inna, ƙarya na yi miki. Yau na yafe."